Shitu Gyartai, Bakin Darar Yako

Shitu Gyartai bai taɓa cin kowa a dara ba, don bai taɓa zama ya yi ta ba. Amma in ka shiga Yako a shekarun nan na alif ɗari tara da hamsin da 'yan kai, ka ce a nuna maka wanda ya san dara, wurinsa za a kai ka. Za ka same shi a gindin ɗorawar bayan kasuwa, fasasshiyar ƙwarya a cinya, basilla a hannu, baki kuwa yana ta aiki kamar ba gobe.

Gyaran ƙwarya gadonsa ne. Ubansa ya taso da sana'ar daga wajen Doguwa, ya zauna a Yako saboda rugagen Fulanin da ke kewaye, don inda nono yake ba a rasa ƙwaryar da ta tsage. Shitu ya iya ɗinki, wannan ba a musu, sai dai jinkiri. Matarsa Saude ta sha faɗa cewa duk garin nan ƙwaryar gidan gyartai ce kaɗai ke yoyo, kuma ba ƙarya ta yi ba.

Darar Yako ta girmi Shitu. Kowace ranar kasuwa, da an idar da la'asar, Maikano Sarkin Dara zai share ƙasa ya haƙa gurbi talatin da dunƙulen hannu, layi biyar, kowane layi shida. Ɗan wasa ɗaya ya riƙe tsakuwa goma sha biyu, ɗaya guntayen kara. Wanda ya jera uku ya ci ɗan abokin wasansa, wanda aka cinye ya tashi wani ya zauna, wanda magariba ta tarar a zaune shi ne gwanin mako, a ba shi goro a ganye. Mutane kuwa su yi da'ira, kai bisa kai, har wani na shaƙar numfashin wani.

Aikin Shitu a wurin shi ne faɗa. Ba wanda ya naɗa shi, bakinsa ne ya ba shi. Tun yana saurayi ya raɗa wa layukan nan biyar sunayen garuruwa, daga arewa zuwa kudu: Bebeji, Kiru, Yako, Tudun Wada, Doguwa. Duk ɗan da aka ɗaga sai ya raka shi da baki. "Tsakuwa ta bar Kiru ta sauka Yako, gida na uku, ko sallama babu." Ko kuma, "Kara ya gudu Doguwa, gida na shida, wai shi mai wayo." Na baya da ba sa hangen ƙasa da shi suke kallo, na gaba kuma dariya ta kawo su. Bai taɓa gaya wa ɗan wasa inda zai saka ba, abin da aka riga aka yi kawai yake faɗa.

Gwanin wurin kuwa Hamman ne, wani dogon Bafulatani mai ruga yamma da gari, wanda ya fi shekara talatin yana kawo wa Shitu ƙoren matansa, yana kiransa Kaɗo, Shitu na kiransa Na Bayan Saniya. Wata rana bayan an tashi wasa Shitu ya miƙa masa ƙwaryar da ya gyara, sai ya ga hannun Hamman ya wuce ta da kusan taƙi guda, ya damƙi iska. Da ya matsa masa da tambaya a hanya, Hamman ya faɗa. Yanar ido ce ta fara rufe masa gani, mutane sun zama inuwa, gurbin dara kuwa sai dai yatsa. Shanu ya san su da kuka, hanya ya san ta da ƙafa, shi ya sa har 'ya'yansa ba su gane ba. Ranar da suka gane za su karɓe sandar kiwo su zaunar da shi a bukka, ya zama tsohon da ake kai wa ruwa. Ya sa Shitu ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba, har Saude.

Daga ranar faɗar Shitu ta tashi daga wasa. Bai ƙara tsallake motsi ko ɗaya ba, kuma duk barkwancin da zai yi sai ya fara ambaton layi da gida. Hamman yana ji, yana ajiye gurbi talatin a ka, yana shafa ƙasa da yatsa yana bambance kara da tsakuwa, abin da kowane ɗan dara ke yi ba a ce komai ba. Shekara huɗu suna haka, kuma Hamman bai daina cin mutane ba.

Da kakar 1955 Allah Ya yi wa Maikano rasuwa, sarautar dara ta faɗa hannun ɗan ƙanensa Zailani, wanda ya yi zaman Kano wurin masu awon gyaɗa ya dawo yana koyar da yaƙi da jahilci. Kada a zalunce shi, ba mugu ba ne. Irin mutanen nan ne da ba sa iya ganin abu yana tafiya daidai su ƙyale shi. Kasuwa ta biyu da kama aikinsa sai ga tebur a gindin ɗorawa, da benci biyu, da allon katako da kafinta ya shafe sumul ya zana masa gidaje talatin da fenti. Maimakon kara da tsakuwa, murafan kwalba, ja da kore. Aka kewaye wurin da igiya. Zailani ya rataya usur a wuya ya karanto dokoki daga takarda: ɗan da ka taɓa shi za ka ɗaga, kuma muddin ana wasa ɗan kallo ba ya magana.

Ranar gari ya ɗauka. Habu mahauci ya ce dara a kan tebur, sai ka ce za a yi mata allura. Dije mai fura ta yi ta masifa don igiyar ta turo mutane sun tsaya a kan inuwar da ta shekara ashirin tana zama. Wani ya ce murfin kwalba ba shi da albarka, aka tambaye shi dalili ya rasa. Tsofaffi masu ciwon gwiwa dai sun yaba benci a ɓoye, samari sun so usur, baƙin Bebeji da Tudun Wada kuwa har da tafi, don sun daɗe suna zargin bakin Yako yana taimakon ɗan Yako.

Shitu ya aika wa Hamman cewa ya ɗan dakata, kasuwa biyu ko uku zai gyara abin. Sannan ya tari Zailani.

"Ɗan nan, wa ya kawo maka ƙarar ƙasa? Ta ciji wani ne?"

"Baba, ba haka ba ne. Zamani ne ya zo. Ƙasa tana ɓata riga, kuma baƙi suna ƙorafi."

"To bakin nawa fa? Shi ma riga yake ɓatawa?"

"Baba, in an gama wasa ka yi ta faɗa har magariba, ba mai hana ka."

"In an gama. Ka taɓa ganin an yi wa amarya guɗa bayan ta haihu?"

Zailani ya yi dariya cikin ladabi, ya ce zai duba, bai kuwa duba ba. Abin da ya fi ci wa Shitu rai shi ne hujjarsa ta gaskiya tana bakinsa, kalma huɗu ce, kuma ya san da zai furta ta yaron nan mai kunya ne, a take zai kwashe teburinsa. Amma ya rantse. Sai ya zama duk abin da ya faɗa ya fito kamar ƙorafin tsohon da aka hana surutu, haka kuwa kowa ya ɗauke shi.

Ya je wurin dagaci, dagaci ya ce yana fama da rigimar gona da burtali za a kawo masa ta tsakuwa. Ya tara mutum kusan ashirin suka yi alkawarin ba za su ƙara taka gindin ɗorawa ba, ya haƙa nasa guraben a tsallaken hanya. Tsofaffi biyu suka zo, ɗaya ya yi barci. Da ya leƙa wajen igiya, wa zai gani a sahun gaba in ba Habu mahauci ba.

"Habu, ba da kai muka yi magana ba?"

"Na zo ne in ga iyakar lalacewar," in ji Habu, idonsa na kan allo.

Haka suka yi ta yi. Kowace kasuwa su zagi tebur, su zagi usur, su ce dara ta mutu tare da Maikano, kowace kasuwa kuma su riga kowa zuwa. Shitu ya koma gida yana huci ya ƙi cin tuwo, Saude ta ce in don a bar shi ya yi magana ne, ga ta, ga kaji, ya yi musu.

Ana nan wani Inuwa daga Tudun Wada ya hau benci ya ƙi sauka, kasuwa uku a jere, ya fara cewa ashe gwanin Yako da bakin gyartai yake wasa, da aka rufe bakin ya shige daji. Maganar ta kai ruga. Kasuwa ta huɗu Shitu ya hango Hamman tafe da sandarsa a kafaɗa, ya yar da ƙwarya ya tare shi a bakin rafi.

"Ka koma. Allon nan sumul yake, 'ya'yan duk ɗaya suke a hannu, kuma an hana ni faɗa. Ko ka bar ni in gaya wa yaron, shi kaɗai."

"Kaɗo, an kira sunana a kasuwa. Zan zauna. Kai dai ka riƙe abin da ka rantse a kai."

Hamman ya zauna. Wajen zuba 'ya'ya bai sha wuya sosai ba, yana sunkuyawa har gemunsa na taɓa allo, mutane na cewa salon gwanaye ne. Shitu na bayan igiya, ya cusa gefen rawani a baki, yana ganin kowane motsi yana haɗiye shi. Da aka fara tafiya abin ya rikice. Inuwa ya ɗaga ja ya ajiye a hankali, ba ƙara, ba mai faɗa. Hamman ya miƙa hannu ya ɗauki murfi ya matsar. Na Inuwa ne. Usur ya yi ƙara, wurin ya fashe da dariya, Inuwa ya ce, "Baffa, in nawa kake so ai sai ka roƙa." Aka mayar, Hamman ya sake miƙa hannu, ya sake ɗaukar ja. Wannan karon har da masu riƙe ciki.

Shitu bai san lokacin da ya tsallake igiya ba.

"Kuna dariyar me? Mutumin nan ba ya gani. Shekara huɗu ba ya ganin gurbi, a haka ya cinye ku ɗaya bayan ɗaya, kai Habu sau nawa? Ku mayar masa da ƙasarsa ku gani."

Shi a ransa kirari ya yi wa abokinsa. Inuwa ya sunkuyar da kai, Zailani ya cire usur daga wuya ya ce, "Baba, don Allah me ya hana ka gaya mini?" Hamman ya laluba ya ɗauki sandarsa, ya miƙe, ya yi wa jama'a sallama kamar yadda ya saba. Mutum uku suka zabura za su kama masa hannu, abin da ba a taɓa yi masa ba. Ya ce su bari, ya bi hanyar rafi shi kaɗai.

Kasuwa mai zuwa babu tebur, babu igiya. Zailani da kansa ya durƙusa ya haƙa gurbi talatin, ya aika aka samo kara da tsakuwa, ya ce Baba Shitu ya faɗa yadda ya saba. Jama'a suka yi ta murna, Habu yana cewa dama shi ya san za a dawo hanya, wasu kuma suka fara cewa bencin dai da an bar shi. Shitu ya samu duk abin da ya yi wata biyu yana nema. Ya faɗi wasa biyu ba daɗi, yana waiwayen hanyar rafi, har aka kira magariba.

Da ya ga kasuwa uku sun wuce, ya ɗauki ƙafa ya tafi ruga da hantsi. Shanu sun fita da 'ya'yan. Ya tarar da Hamman zaune a kan tabarma a ƙofar bukka, an ajiye masa ruwa a inda hannunsa zai kai. Hamman ya gaishe shi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida, ya tambayi Saude, ya sa aka kawo nono, yana ce masa Malam Shitu. Shitu ya ba shi labarin an dawo da ƙasa, an kori usur, kowa na jiransa, har Inuwa ya aiko da ban haƙuri.

"Madalla," in ji Hamman.

"To yaushe za ka zo? Ni zan zo in tafi da kai."

"Ka ji ko. Ka zo ka tafi da ni." Ya juya ludayi a cikin ƙwarya. "Da ka bar shi ya cinye ni, ai cinyewa ce kawai. An yi dariya an tashi. Da kasuwa ta zagayo da ƙafata zan dawo."

Shitu ya shanye nonon don kada a ce ya raina, ya yi sallama. Ya ƙara shekara bakwai yana faɗar dara a gindin ɗorawa, ana dariya kamar da, Hamman kuwa bai sake shiga kasuwar Yako ba.