Habibu da Zaman Asabar

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanena Habibu. Ni ban yi boko ba, taya nake sayarwa a unguwar Oloumi tun ina saurayi. Shi a nan Libreville aka haife shi, ya yi karatun Faransanci, ya zama akanta.

Duk sanda hukuma ta sauya dokar rubuta rahoton kuɗin kamfani, ko dokar sayar da hannun jari, Habibu kan buga takardun, ya tara akantocin da ke yi wa 'yan kasuwarmu aiki. Ranar Asabar suke zama bayan la'asar, a ɗakin bayan shagona. Ya karanta da Faransanci, ya warware da Hausa, layi bayan layi. Har Madam Rifkatu, Kirista 'yar Jos, takan hau taksi daga unguwar Akébé ta zo.

Wata rana kwantenar taya ta iso mini, ba ni da wurin ajiya. Na ce su tashi.

"Yaya, ka ba mu wata biyu. Sabuwar doka ce, ko rabi ba mu kai ba."

"Ku karanta a gidajenku. Lissafi dai lissafi ne."

Ya kwashe bencinansa. Ya nemi ɗaki a unguwar Louis, haya ta fi ƙarfinsa, zaman ya watse. Kafin shekara ta zagayo ciwo ya kwantar da shi. Har ya cika ban ba shi haƙuri ba.

Bara ni da abokaina uku muka haɗa kamfani, muna neman masu zuba jari. Akantanmu yana cikin waɗanda na kora daga ɗakin bayan shagona. Ya rubuta rahoto, aka dawo mana da shi. Na kai wa Madam Rifkatu ta duba.

"Alhaji, lissafin daidai ne, tsarin ne tsohon yayi. Sabon tsarin shi ne Habibu ke koya mana ranar da tayoyinka suka iso."

Masu jarin ba su jira mu ba.

Yanzu dokokin a waya suke zuwa, kowa ya tura wa kowa, kaɗan ke buɗewa. Da Habibu na raye, na san ba turawar za ta burge shi ba. Zai tambaya wa ya zauna da wa, wa ya gane, wa ya yi shiru don kunya.

Bai bar gida ba, bai bar mota ba. Amma Madam Rifkatu ta farfaɗo da zaman a falonta, kuma sababbin akantocin da ba su taɓa ganinsa ba suna kiran wurin ajin Malam Habibu. Allah ya kai masa ladan kabarinsa.

Ni ke biyan kuɗin buga musu takardu. Na roƙi Madam kada ta faɗa musu ni ne yayansa.