Gauraka Marar Tukku

Yayana Munzali direban bas ne a Makka. Shekara talatin da ɗoriya yana kwasar alhazai daga Aziziyya zuwa Harami, in Hajji ya zo kuma har Muzdalifa. Mutum ne da ba ya iya jiran shayi ya huce, kullum sai ya ƙona harshe. In danja ta daɗe ba ta ba shi hannu ba, sai ya fara yi mata faɗa da Larabci, ya ƙarasa da Hausa. Shi ya sa ranar da aka ce mini wai yana yini a bakin teku, rub da ciki a laka, yana jiran tsuntsu ya juyo ya ɗauke shi hoto, na yi dariya har da hawaye.

Amma da na zauna na yi tunani, sai na ga abin gado ne. Mahaifiyarmu, Inna Ummulkhairi, da alkamar tattabaru ta raine mu. Kullum da safe takan sauko daga unguwarmu Nakkasa da buhu a ka, ta zauna kusa da Harami, alhazai su saya su watsa wa tsuntsaye. Doka ɗaya take da ita, kuma ta fi ta gwamnati tsanani: ba a firgita tsuntsun Makka. In ka ruga cikin tattabaru don ka ga tashinsu, kunnenka zai gaya maka. "Baƙin Allah ne," in ji ta. "Ku bar su su ci abincinsu."

Ita kanta baƙuwa ta zo. Tana da shekara tara iyayenta suka baro ƙasar Hausa a ƙafa, suka bi ta Chadi da Sudan. A duk wannan tafiya abu ɗaya ta fi ba mu labari, wato gauraka. Ta gan shi a bakin Tafkin Chadi, dogo, mai takama, da tukku a ka kamar an tsefe zinariya. Tun da ta ƙetaro teku ba ta sake ganinsa ba.

Bayan an rushe unguwarmu muka koma haya, Inna ta daina fita, idonta kuma ya fara dushewa. Likita ya gaya mana gaskiya: na hagu ya riga ya tafi, na dama ma saura kaɗan. A lokacin ne Munzali ya sami kyamara ta hannu, ya shiga cikin masu zuwa kallon tsuntsaye idan sanyi ya shigo. Duk ranar hutu sai ya nufi gaɓar teku wajen Shu'aiba, ya dawo da laka har gwiwa, ya zauna gaban Inna yana nuna mata hotuna. Takan kai hoton dab da idon dama, ta ce wannan zalɓe ne, wannan belbela, wancan mai jakar baki kwasakwasa. Daga ƙarshe ta ajiye ta ce, "Babu gauraka?"

Sanyi biyu ya wuce babu gauraka. Ni kam raina ya soma ɓaci. Na ce masa, "Yaya Munzali, waya cike take da hoton gauraka. Ka buga ɗaya ka kawo mata, khalas, shi ke nan!" Ya dube ni kamar na ce ya sayar da bas ɗin. Ya ce, "Basma, ba hoto take tambaya ba. So take ta ji ko yana zuwa nan." Na san ya fi ni gaskiya, kuma ba na son hakan.

A sanyi na uku, wata Asabar da hantsi, abokin kallonsa Rakan ya kira shi. Rakan malamin makaranta ne, ya san tsuntsaye kamar 'ya'yansa. Ya ce ga kurki guda ɗaya ya sauka a wata fadama kusa da teku, shi ne ɗan'uwan gauraka da ke zuwa daga ƙasashen sanyi. Munzali ya bar karin kumallo ya fita.

Sun same shi, amma ya shige bayan ciyawa mai tsayi yana kiwo. Sai ya ɗago kai, ya mayar. Awa biyu suna kwance, rana tana hawa, hasken hoto yana lalacewa. Rakan ya matso ya raɗa masa, "Ya akhi, bari in tafa hannu sau ɗaya. Zai tashi, ka same shi da fukafukai a buɗe. Nan ba cikin Harami ba ne, mun wuce iyaka da nisa."

Gaskiya Rakan ya faɗa, babu laifi a shari'a. Kuma Munzali ya san idon Inna ba lallai ya kai wani sanyin ba. Ya gaya mini har ya buɗe baki zai ce to. Sai ya ga tsuntsun ya sake sunkuyawa yana tsince-tsince, kamar wanda ya yi tafiyar wata guda bai ci ba. Ya riƙe hannun Rakan ya ce, "La, bar shi ya ci."

Abin da ya samo bai taka kara ya karya ba. Ciyawa ce cike da hoton, sai dogon wuya da kai a tsakiya. Kan kuma fayau, babu tukku ko sili ɗaya, sai ɗan ja a tsakar ka. Munzali ya wanko hoton babba, ya shigo da la'asar jiki a sanyaye. Na zuba masa shayi, ya durƙusa gaban Inna ya ce, "Inna, ma'alesh, ki yi haƙuri. Wai ɗan'uwan gauraka ne, amma ba irin naki ba ne. Ba shi da tukku."

Inna ta karɓa, ta juya wajen taga, ta kai shi dab da idon dama. Ta daɗe tana bin wuyan da yatsa. Ni kuwa tsoro nake kada ta ce ba ta ganin komai.

"Shi ne mana," in ji ta. "Dubi wuyan, dubi takamar."

"To tukkun fa, Inna?"

Ta sauke hoton ta harare shi da idon da ya rage. "Kai da ka shekara talatin kana ɗaukar alhazai! Ka taɓa ganin namijin da ya nufo Makka da hula a ka?"

Dariya ta ƙwace mini, sai na ji kuka ya biyo ta. Inna ba ta kula ni ba. Ta kamo hannun Munzali ta ce, "Ka tashe shi?"

"Ban tashe shi ba. Yana ci na baro shi."

"Madalla. Ashe shi ma ya iso." Ta mayar da hoton wajen idonta. "Juma'a ka kai ni in yi masa sannu da zuwa."

Munzali ya zauna a ƙasa yana lissafa yadda keken Inna zai bi ta laka, da inda za a shimfiɗa katako. Shayin da na zuba masa yana gefe, ya huce tuntuni bai taɓa shi ba.