Karin Waƙar da Na Ba Ɗiyar Alhaji

Ni mutum ne mai son komai ya bi layi. Ban yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko, amma tun ina auna yadi a shagon wani Alhaji cikin kasuwar Adjamé a Abijan na tsara yadda zan zama mawaƙi mai cin gashin kansa. Da farko zan yi waƙoƙin biki har a san ni. Bayan nan in sayi kayan sauti nawa, in daina haya. Daga ƙarshe in fitar da faifai na waƙoƙin kaina, waɗanda babu sunan kowa a ciki. Ban so ubangida ba, ban kuma so in shiga ƙarƙashin kowa ba.

Ga yadda waƙar biki take a wajenmu. Dangin amarya ne suke zuwa, yawanci gwaggo ko babbar yaya. Su ba ka sunaye: amarya, ango, uban amarya, uban ango, iyaye mata, sannan gwaggwanni da ƙawaye, da garin da kowane gida ya fito a Nijar. Jerin nan ba a wasa da shi. Ka sa sunan ƙanwa gaban na yaya, ka haɗa faɗan da zai fi auren daɗewa. Sai ka ɗora sunayen kan kari, wato hanyar da murya take bi, ka shiga sitidiyo ka ɗauka. Ranar biki a kafa rumfa a kan titi, a saka waƙar a lasifika, mata su fito fili.

Akwai kuma doka guda da kowa ya sani: karin da ka ba wani gida ya zama nasu. Kamar yadi ne, in ka yanka wa mutum ba ka mayar da shi jikin bandir. Na taɓa ganin wani mawaƙi ya cire sunayen wata amarya ya ɗora na wata kan kari ɗaya. Ana cikin rawa wata tsohuwa ta taka har wajen lasifika ta zare waya, ta ce ba su kawo ɗiyarsu nan don a ɗaura mata gwanjo ba. Bai sake samun biki a unguwar ba.

Sitidiyon da nake aiki yana Arras, cikin Treichville, ɗaki ɗaya a ƙasan bene, an manne bangonsa da kwalayen ƙwai. Mai shi haifaffen Abijan ne, Bahaushe ta wajen uba, Faransanci ya fi zama a bakinsa. Shi yake haɗa kiɗa da piyano, muna ce masa aranja. Yana kirana tsoho tun ban yi furfura ba, wai don ina zuwa da riga a goge, kuma ba na yarda a ci kifi kusa da makirufo.

Ina da kari guda da na ɓoye. A kasuwa na tsince shi, daga bakin masu tura amalanke, yadda suke jan murya suna neman hanya da kayan goro. Na kai shi gida na daɗe ina sassaƙa. Na ɗora masa baitoci kan mahaifiyata, wadda ta zo garin nan tana amarya da niyyar ɗan zama kaɗan, ta rasu a nan ba ta koma ba, da kuma irinmu da aka haifa a bakin teku muna kiran wani wuri gida. Shi na ajiye ya buɗe faifaina. Aranja kaɗai ya taɓa jinsa, don na sa ya yi masa kiɗa mu ga yadda zai zauna.

Ana nan sai Alhajin da nake yi wa aiki ya tashi aurar da ɗiyarsa. Ya zo sitidiyo da kansa, tare da ƙanwarsa, gwaggon amarya, mace mai kunne da baki. Na jera mata duk karin da nake da shi. Ta ce wannan na zaman makoki ne, wancan ya yi kama da na ɗiyar gidan wane, wancan kuma ko akuya ba za ta taka shi ba. Aranja ya gaji, yana ta latse-latse, hannunsa ya faɗa kan nawa. Gwaggo ta ɗaga hannu.

"Tsaya nan. Ashe nama kuka ɓoye kuna ba mu ƙashi."

Na ce mata, Hajiya, wannan ba na biki ba ne, nawa ne. Ta ce to ita ma yarinyar ai taka ce, a gabanka ta yi rarrafe cikin shago. Alhaji bai ɗaga murya ba.

"Ɗana, in ba ka so a bar shi. Ba za mu ɓata kan kiɗa ba."

Da ya matsa mini da na iya ƙi. Amma mutumin nan shi yake sallamata daga shago tun kafin la'asar in tafi sitidiyo, kuma shi ya tsaya kan jana'izar mahaifina. Na roƙi a ba ni zuwa gobe. Da suka fita aranja ya ce in daina ɗaure fuska, kari kamar tasin woro-woro ne, in wannan ta wuce wata tana tafe. Ni ma na duba tsarina, na ga har yanzu a mataki na farko nake, na uku da sauran tafiya, kuma wanda ya yi guda zai yi wani. Washegari na sauke baitocin mahaifiyata, na ɗora sunaye bisa jeri.

Waƙar ta wuce bikin. Direbobin gbaka, bas-bas ɗin haya, da ba sa jin Hausa suna saka ta. A wasu bukukuwan ma ana kunna ta da sunayenta yadda take, don wannan ba laifi ba ne. Aiki ya yi ta shigowa har na bar shago. Na sayi lasifika da makirufo da janareta, mataki na biyu ya cika. Na zauna jiran sabon kari don in hau na uku. Sun zo da yawa, masu kyau ma, na ba gidajen mutane kowa ya ji daɗi. Irin wancan bai sake zuwa ba. Na koma kasuwa na tsaya inda masu amalanke suke wucewa, na ji suna neman hanya kawai.

Bayan wasu shekaru mijin yarinyar ya yi rashin lafiya ya rasu, ya bar ta da 'ya'ya. Alhaji ma ya bi. Mutane suka daina saka waƙar a biki don kunyarta. Ni kuma na ci gaba da jera sunaye, gashina yana fari.

Kwanan baya wasu matasa 'ya'yan Hausawa haifaffun Abijan suka shirya wasa da rana a wani fili cikin Treichville, suka gayyace ni. Sharaɗinsu ɗaya ne: kowa ya zo da waƙar kansa, ba ta biki ba. Na duba duk abin da na yi a rayuwata, ban sami waƙa guda da babu sunan wani a ciki ba, sai baitocin nan da ba su da kari. Na yanke shawarar in bi ta ƙofa. In mai kari ta yarda, doka ba ta karye ba.

Na sami ɗiyar Alhaji a Belleville, inda take da shagon ɗinki. Ta tashi ta ba ni kujerarta, ta kira ni Tonton, wato kawu, ta ce yau wace amarya ce ta yi sa'a, ko kai ne za ka ƙara. Na ce ba wasa ya kawo ni ba. Ta ce ai ba ta taɓa ganin ranar da wasa ya kai ni ko'ina ba. Na faɗa mata komai daga farko, yadda na sami karin, da abin da yake kansa kafin sunanta. Ba ta taɓa sani ba. Ta sa masu ɗinki suka tsayar da keke, ta ce in rera mata na asalin.

Na rera, ba kiɗa, ana jin hayaniyar titi. Da na gama ta ajiye ƙyallen da yake hannunta. Ta ce 'ya'yanta ba su iya Hausa ba, amma sun haddace waƙar nan, daga ita suka san sunan kakanninsu da garin ubansu. Na yi zaton ƙi ne, na fara neman takalmana.

"Zauna, Tonton. Taka ta fi tawa. Ni na ci rabona, ka ɗauki abinka. Wanda ya yi magana ka turo shi shagon nan."

Na yi abin da ya kamata bi da bi. Na je na shaida wa gwaggo, wadda ta tsufa amma bakinta bai tsufa ba. Ta ce tunda mai abu ta bayar ita ba ruwanta, sai dai in sani wanda ya ba da riga ya dawo karɓa sai ya same ta da ƙamshin wani. Na koma wajen aranja muka gyara kiɗan, muka yi ta gwaji har ya zauna.

Ranar wasa fili ya cika, yara da iyayensu. Ɗiyar Alhaji tana zaune a sahun gaba tare da 'ya'yanta. Na karɓi makirufo na yi sallama, na yi bayani a taƙaice cewa wannan waƙa ta mahaifiyata ce. Ban tabbata an saurara ba, don kowa yana ɗaga waya. Aranja ya saki kiɗa. Kafin in buɗe baki fili ya ɗauka. Sunan amarya suka rera, sannan na ango, da murya ɗaya, har da yaran da ba a haifa ba lokacin bikin. Na shiga da baitina na farko, na ɗaga murya, lasifikar tawa ce kuma mai ƙarfi ce, amma ko ni ban ji abin da nake faɗa ba. Na gwada na biyu. Mata sun riga sun fito fili, an daɗe ba a ji waƙar ba, wasu suna rawa suna share ido.

Na dubi ɗiyar Alhaji. Da farko tana ɗaga hannu tana cewa a yi shiru. Da aka zo kan sunan mijinta sai hannun ya sauka, 'yarta ta riƙe ta, bakinta ya fara bin su.

Sun kai wajen gwaggwanni suka rikice, suka sa ƙanwa gaban yaya. Wannan ban iya jure shi ba. Na bar baitina a tsakiya na gyara musu jerin, na ja su suna bina, suna bayan suna, har zuwa garuruwan gidajen biyu. An yi tafi mai yawa. Matasan suka ce nawa ya fi na kowa.

Da muke naɗe wayoyi aranja ya ce, tsoho, kada ka damu, mu shiga sitidiyo mu ɗauka, can ba mai katse ka. Mun ɗauka. Tana cikin wayata. Na tura wa mutane kaɗan, kowa ya ce ta yi kyau, sai kuma ya tambaye ni me ya sa na canja waƙar ɗiyar Alhaji.