Bitrus Mai Duba Sabis

Bana shekara goma sha biyar ke nan da rasuwar Bitrus, kuma har yau in wayata ta ɗauke sabis shi nake fara tunawa.

Ni ɗan acaɓa ne a lokacin, da furfurata da komai. Boko kuwa aji uku na yi, shi ma inuwar ajin ce ta riƙe ni. Bitrus yana aiki da wani ƙaramin kamfani a Samaru mai raba intanet ga shagunan kafe da ofisoshi, har cikin Sabon Gari. Kullum zai fito a guje ya haye bayana: "Baba Iro, mu je Palladan, sabis!" Gobe Chikaji, sabis. Da yake na ji 'yan Sabon Gari suna kiran sujadar coci sabis, sai na ɗauka ibada nake kai shi. Na daɗe ina yabonsa a majalisa, ina cewa ban taɓa ganin mai tsoron Allah irinsa ba, har dogon ƙarfe yake hawa don ya kusanci sama.

Da labarin ya kai masa, ya yi dariya har da hawaye, ya ja ni ofis ya nuna mini allon kwamfuta. Ɗigo-ɗigo ne kore, kowane ɗigo shagon wani. In ɗaya ya koma rawaya, layin ya fara nauyi. In ya yi ja, ya yanke. Aikinsa ya zuba musu ido.

Akwai Madam Ngozi mai kafe a Sabon Gari, wadda ɗalibai ke cika wa shago lokacin rajistar jarrabawa. Ta rantse in layi ya ƙara yanke mata ba labari za ta koma wani kamfani, sauran masu kafe kuma bayanta za su bi. Da sun tafi, aikin Bitrus ya tafi. Ya ce mata, "Madam, ban ce ba zai yanke ba. Amma ba za ki riga ni sani ba." Daga nan, ɗigonta na yin rawaya mun hau hanya. Sau da yawa mu ne ke gaya mata tana da matsala. Ba ta tafi ba.

Yau kowa da intanet a aljihu. Sabis ya ɗauke, ka kira, na'ura ta yi ta ba ka haƙuri, ba mai zuwa. Da Bitrus na nan zai yi murna da saurin, amma shirun nan zai ba shi kunya. Kafe-kafen sun rufe, an sauke ƙarafan. Halinsa ne kawai ya rage, a jikin tsoho irina.

Zazzaɓi ne ya tafi da shi. Safiyar da ya rasu ban tsaya zaman makoki ba, na tayar da babur na bi shagunan nan ɗaya bayan ɗaya, don kada su ji a bakin wani. Madam na hango ni ni kaɗai, ta gane, ta zauna a bakin ƙofa.

Ranar binne shi na bi motar gawar har coci a Dogarawa, na tsaya can baya da hula a hannu. Sau ɗayan nan ne na kai shi sabis ɗin da nake zato.