Tsohon da Yake Tsaga Dabino

Jiya a unguwar Sukra na ciji dabino na tarar da tsutsa, sai tsohon nan ya faɗo mini a rai.

A wata gonar dabino a garin Zighan muka yi aiki a ƙarƙashinsa, ni da Sale. Da la'asar yakan shimfiɗa buhu ya koya mana kasuwanci: tayi, sallamawa, da cire tsoron fara sana'a. Yatsunsa kullum da danƙo, suna ƙamshin zuma. Bai taɓa cin dabino bai tsaga shi ba.

Wata rana ya kama ni da littafin soyayya.

"Kai ɗan nan, me za ka sayar, hawaye?"

"Turare, Baba. Shago zan buɗe da sunan Hadiza, in aure ta."

Ya yi dariya, ya tsaga dabino ya nuna mini. "Kowace sana'a, fara duba cikinta."

Sale ne ya riga ni cire tsoron. Yanzu gida gare shi a bayan gari, yana kulle matafiya sai danginsu sun fanshe su. Kwanan nan ya zo mini a mota.

"Abokina, mu haɗa hannu, kafin Sallah ka buɗe shagonka. Ba Baba ne ya hana mu tsoro ba?"

Na ce ya cire tsohon daga ƙazamin bakinsa.

Hadiza, tauraruwata, za ta ƙara jira. Allah Ka sanyaya kabarin Baba, Ka ba ni sana'ar da ko an tsaga ta ba za a ga tsutsa ba.