Hoton da Ban Aika wa Goggo Ba

Ni da ɗan goggona jirgi ɗaya ya kawo mu Jidda, kuma ɗaki ɗaya muka zauna a gidan babana a unguwar Sa'alaba. Taubashina ne, sa'ana, saboda haka bakinsa ba ya raga mini, nawa ma ba ya raga masa.

A wancan lokaci akwai wani ma'ahad a bayan kasuwa inda ake koyar da nahawu da fiƙihu da lissafi, kuma ba a tsananta neman takarda. Idan limamin unguwa ya shaidi mutum, sai a ba shi kujera. Baƙaƙe irinmu, waɗanda a nan ake kira Takari, suna zama benci ɗaya da 'ya'yan Hijaz, suna karya kumallo da dafaffen waken da ake kira ful a faranti ɗaya. Liman ya shaide mu mu biyu. Babana, Allah ya jiƙansa, ya ce taubashina ya tafi, ni in tsaya in kammala Alƙur'anin da nake rubutawa a gabansa, baɗi sai in shiga. Izu tara ya rage mini.

Kafin baɗi ta zo aka sauya tsari. Karatun safe ya zama na 'yan ƙasa, sauran aka mayar da su wani tsohon gini da yamma, wanda ba shi da iƙama kuwa, wato takardar izinin zama, ko wannan ginin ba zai taka ba. Waɗanda suka riga suka shiga aka bar su su ƙarasa. Ni ba ni da iƙama.

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila na haƙura. Amma goggo tana Kano, ba ta jin Larabci, ajami take karantawa, shi kuma bai taɓa zama ya iya shi ba. Duk shekara idan alhazai za su koma gida, sai ya zauna a gabana ya miƙe ƙafa, ya ce magatakarda ya ɗauko alƙalami. Da hannuna na rubuta mata cewa ya zo na biyu a ajinsu. Da hannuna na rubuta cewa malami ya sa shi jan salla. Ina rubutawa ina istigfari a zuci, don na san sunan abin da ke cina.

A shekararsa ta ƙarshe ya zo da hoto. Ajinsu ne gaba ɗaya, sahu uku, cikin fararen riguna. Na ƙirga baƙaƙe bakwai. Shi yana tsakiya, wani Balarabe ya dafa masa kafaɗa, a ƙarshen sahunsu kuma akwai gurbin da zai ɗauki mutum ɗaya. Ya ce in haɗa da wasiƙar, in kuma gaya wa Inna, wato goggo, inda za ta gan shi. Na rubuta komai ban da wannan layin. Wasiƙa ta bi alhaji, hoto na sa shi cikin gafakar Alƙur'anina. Da amsa ta zo na karanta masa, sai ya ce Inna ko maganar hoton ba ta yi ba. Na ce masa tsufa ne. Bayan shekara biyu ta rasu.

Ya zama tafinta a wani kamfani, ya koma unguwar Madain Fahd. Ni na yi ta tuƙa iyalin wani kafili, wato ubangida, a unguwar Abhur har gemuna ya yi fari.

'Yarsa ta fari ce ta tono zancen. A nan aka haife ta, tana jin Hausa fiye da yadda take faɗarta. Ta zo gidana ta ce wata abokiyar aikinta ta yi mata dariya, wai Takari bai taɓa zama ajin safe a ma'ahad ɗin nan ba. Tun daga ranar take bin tsofaffi tana rubuta waɗanda suka yi karatu a can. Takardar shahadar babanta ta kammala karatu ruwa ya cinye ta shekarar da ambaliya ta shiga gidansu. An buɗe adakar goggo a Kano, ba a ga hoton ba.

"Ya ammi, baffana, kai ka aika, sah? Wane alhaji ne ya kai?"

Na ce zan tuna. Juma'a uku ina tunawa. Idan na fito da shi ta sami hujjarta, ni kuma na tona kaina a gaban mutumin da ya fi kowa iya yi mini dariya. Idan na bar shi, sai ya zama na taya abokiyar aikin nan tata ƙaryata taubashina. A Juma'a ta huɗu, bayan an sauko daga masallaci, na tafi gidansa na ajiye masa hoton a kan gwiwa.

Bai yi dariya ba. Ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa.

"Taubashi, duk shekarun nan yana hannunka?"

"Yana hannuna."

Ya tambaye ni me ya yi mini. Na ce bai yi mini komai ba, na ɗora yatsa a kan gurbin da ke ƙarshen sahu. Ya ce ai wurin malaminsu ne, ya fita ne don ba ya son a ɗauke shi hoto. Sa'annan ya cire tabarau ya ninke.

"Nawa na yafe, halas. Na Inna kuwa ba ni da ikon yafe maka."

'Yar ta shigo da shayi, ta ga hoton, ta manta da mu duka. Ta sa babanta ya faɗi mutanen bakwai ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ta miƙo mini biro in rubuta su a bayan hoton, don hannuna ya fi kyau. Na rubuta. Ta tambaye ni ko ni ma na yi karatu a can, na ce a'a.

Ina yi wa goggo addu'a bayan kowace salla. Hoton yana bangon falonsu yanzu, kuma duk lokacin da na je, sai na zaɓi kujerar da ta ba shi baya.