Malam Idi da Babur ɗinsa na Adan

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina shagona a unguwar Kudai, nan Makka, bayan la'asar Maryama, 'yar Malam Idi, ta kira ni. Haihuwar Makka ce, Hausarta ba ƙarfi, amma ta haɗa kalmomin: "Kawu Sale, Baba ya cika. A Damagaram." Na zauna a kan buhu.

Shekara da shekaru muna aikin Hajji tare, dukanmu ba iƙama, wato takardar izinin zama. Abin hawansa ƙaramin babur ne ƙirar Jamus ta Gabas, na zamanin gurguzu. Wani ɗan Yaman ya shigo da shi daga Adan, da zai koma gida ya bar masa. Ƙasar da ta ƙera shi ta shuɗe, babur na nan yana tari yana tafiya. Da shi yake kwaso tsofaffin da motocinsu suka bari a Muzdalifa, ɗaya bayan ɗaya. In an miƙa masa wani abu sai ya ce, "Baƙon Allah ba fasinja ba ne."

Sai masu tara tsofaffin babura suka gano shi. Wani ɗan Jidda ya zo har lungunmu yana shafa fentin asali kamar ya ga jariri, wai ko a Turai irinsa ya yi wuya. Ya nemi ya saya ya ajiye a falo. Malam Idi ya ce, "A falo? To wa zai ɗauko tsofaffin?" Amma kunya ta hana shi hana baƙo ɗaukar bidiyo. Wallahi na ce masa kada ya tsaya a ciki. Ya tsaya, har da murmushi.

Bidiyon ya zaga wayoyi, da fuskarsa da ƙofar gidansa. Ba a jima ba hukuma ta zo ta tafi da shi. Mutumin da burinsa ɗaya a sallace shi a Harami a binne shi a Makka, aka sauke shi a Damagaram, garin da ya baro yana saurayi, ba wanda ya gane shi. Abin nan yana cin raina.

Ɗan Jiddan ya zo ta'aziyya, tun ba a shafa addu'a ba ya tambayi babur. Hajiya Rabi, matar marigayin, ta amsa daga bayan labule: "Ai ka riga ka ɗauke mai shi."

Allah ya jiƙan Malam Idi, ya sanyaya makwancinsa. Allah ya ba Hajiya Rabi da Maryama haƙuri, ya rufa musu asiri, don su ma ba takarda. Ya Allah, bai samu ƙasar Makka ba. Ka tashe shi cikin baƙinka da ya ɗauka.